Giwa Da Kanari Duk Amana Ne

Giwa takan kai nauyin kilo 6,000, tana ɗaukar ciki wata 22, sannan ta haifi ɗa guda. Kanarin da muke jin kukansa a gefen gonakin rake na Maƙarfi da Kudan bai kai giram 20 ba, ƙwansa kuwa mako biyu ya ishe shi ƙyanƙyashewa.

Saboda jinkirin haihuwar nan, in maharba suka kashe giwa, akan daɗe ba a mai da gurbinta ba. Don haka aka hana cinikin haure tsakanin ƙasashe a 1989, aka kuma sa masu gadi a dajin Yankari.

To, kanari fa, wa ke gadinsa? Yawan ƙwai ba ya amfana masa kome in mun sare itatuwan da yake sheƙa, mun cika gonakin tumatir na Ikara da feshi barkatai, 'ya'yanmu kuma suna binsa da danƙo da tarko.

Hadisi ya gargaɗe mu cewa wanda ya kashe ɗan tsuntsu a banza za a tambaye shi ranar Lahira. Mu tuna Suratul Fili, inda Allah Ya halaka rundunar giwa da tsuntsaye. Iyaye da malaman allo, a ja kunnen yara.

Allah Ya sa mu gane, amin.