Ziyara ka zo, ko yawo?

Ɗan'uwa mai karatu, a ce ƙanenka yana zaune a Faransa. Ya gayyace ka, kai da iyalinka, ku yi kwana goma. Tun ba ku sauka ba, yara sun fara: "Baba, sai an kai mu Disneyland!"

Disneyland babban wurin wasa ne, kamar kilomita 32 gabas da birnin Paris. An buɗe shi a shekara ta 1992. Akwai lilo iri-iri, da ƴan jiragen wasa masu gudu kamar iska. Ba laifi yara su gani. Amma fa ka yi lissafi tukuna.

Yuro ɗaya dala 131 ne. Tikitin mutum guda yana iya fin kuɗin buhun hatsi. To, in ku biyar ne fa? Ga kuɗin jirgin ƙasa, ga abinci. Wa zai biya? Ƙanenka ba zai ce maka babu ba, kunya za ta hana shi. Ku koma gida, ku bar shi da bashi.

Ga kuma lokaci. A can layi ake bi, wani sa'in awa guda, don wasan minti biyu.

A ganina, wuni ɗaya ya isa. Ku yi maganar kuɗi tun kafin tafiya, ka kawo naka. Sauran kwanaki ku zauna gida, ku ci tuwo tare, yaranka su san ƴaƴan baffansu. Abin da ya kawo ka ke nan. Baƙo raɓa ne, kada ka zama ambaliya.