Ruwan burtsatse: Fari tas ba shi ne lafiya ba

Babana bai taɓa sayen sa a kara don ƙibarsa kawai ba. Sai ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya duba ido da kofato. Amma ruwan da muke sha a gida, ɗan ga-ruwa ne ke turo shi a kura, mu leƙa jarka mu ga fari tas, shi ke nan mun yarda. Haka ake yi a Agege, haka a Sabon Ibadan, tunda famfon gwamnati bai kai wa yawancinmu ba.

To jama'a, ga abin da ya faru a Bangaladash. Daga shekarun 1970 aka haƙa miliyoyin rijiyoyin burtsatse don a raba mutane da ruwan kududdufi mai kawo kwalara. Sai a 1993 aka tabbatar cewa da yawa daga cikinsu na ɗauke da guba mai suna arsenik. Ba wani ne ya zuba ba, a cikin ƙasar yake, ruwa ke narkar da shi. Ba shi da launi, ba wari, ba ɗanɗano. Tafasawa ma ba ta fitar da shi. Sai mutum ya shekara biyar ko fiye yana sha kafin tabo ya fito masa a fata, tafin hannu da na ƙafa su yi kanta, daga baya ya iya zama kansar fata, ta mafitsara ko ta huhu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka: maikrogiram 10 a lita ɗaya. Ta kuma ƙiyasta cewa mutum miliyan 140 a ƙasashe aƙalla 70 na shan ruwan da ya wuce haka.

Kar a ce abin na nesa ne. Gubar ba lallai ta zama arsenik ba. A 2011 rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya kan ƙasar Ogoni ya nuna rijiyoyin Nisisioken Ogale, a jihar Ribas, na ɗauke da sinadarin benzin na man fetur ninki 900 sama da iyaka. Mu kuma rijiyoyinmu nawa ne ke maƙwabtaka da masai, bola ko kwatar mahauta?

Maganin ba ya wuce gwaji. A Bangaladash bayan an gwada, sai a shafa wa famfo mai guba jan fenti, mai kyau kuma kore. Mu ma za mu iya. Sarkin Hausawa, kwamitin masallaci da shugabannin kara su haɗa karo-karo, a ɗebi ruwan kowace burtsatse a kai ɗakin gwaji, a nemi a duba arsenik da dalma da ƙwayoyin cuta, a manna sakamakon a jikin tanki.

Wannan har 'yan ga-ruwa zai kare, don 'yan uwanmu ne, kuma ranar da ciwo ya ɓulla a unguwa su za a fara nuna wa yatsa. Allah Ya kiyaye.