Tamostat Ba Na Ƙasar Sanyi Kaɗai Ba Ne

Abu biyu ake yawan cirewa daga cikin mota a garejojinmu na kudancin Kaduna, tun daga Kakuri da Makera har Television da Sabon Tasha. Na farko tamostat, ɗan ƙarfen nan mai sifirin da ke tsare hanyar ruwa tsakanin inji da lagireto. Na biyu abin da ke cikin tukunyar salansa, wanda muke kira indomi. Mota za ta iso daga Kwatano lafiya lau, kafin ta shekara a hannun mai ita an raba ta da duka biyun. In ka tambayi dalili, amsar ɗaya ce a bakin kowa: "Oga, wannan na ƙasar sanyi ne, a nan ba ya aiki." Ni bakanike ne, a Kakuri na koyi sana'a, kuma ina faɗa da babbar murya cewa wannan magana ba gaskiya ba ce. Tana cin kuɗin mutane, tana kashe injina, ɓangaren hayaƙin kuwa har rai yake taɓawa.

Hujjar da ta fi gamsar da ni daga jirgin ruwa na samo ta. Akwai lokacin da neman abinci ya kai ni Legas, na zauna ƙarƙashin wani maigida da ke gyara wa masu hali jiragen shaƙatawa a bakin ruwan Ikoyi. A cikinsu akwai irin wanda ake ɗaura wa igiya a baya yana jan mutum da gudu, shi kuma yana zamiya a kan ruwa bisa katako. Injinsa ba a rataye yake a baya ba irin na kwalekwalen fasinja da ke ƙetare Kwara a jihohin Neja da Kebbi. A tsakiyar jirgin yake zaune cikin akwati, sandar ƙarfe ta ratsa ƙasa zuwa farfela. Da ka ɗaga murfin za ka gane shi: injin mota ne mai silinda takwas, yawanci na General Motors mai lita 5.7 ko kuma na Ford, aka sauya masa kaya. Babu lagireto, babu fanka. Ruwan da jirgin ke tafiya a kai shi yake sha. Wani famfo mai 'yar farfelar roba yana zuƙo ruwan ta wata kafa a ƙasan jirgin, ya bi ta matata, ya zaga cikin inji, sannan a zuba shi cikin bututun hayaƙi, ruwa da hayaƙi su fice tare ta baya.

To wannan inji da ruwa ba ya yanke masa, yana da tamostat. Nasa yakan buɗe da wuri, wajen digiri 60 zuwa 70, domin in ruwan gishiri ya yi zafi ainun yana barin ɓawo a hanyoyin cikin inji. Na mota yakan buɗe tsakanin 80 da 90 ko sama kaɗan. Aikinsu dai ɗaya ne. Kowane inji yana da zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai. A wannan zafin ne fistin ke zama daidai cikin silinda, baƙin mai ya yi laushin da zai ratsa ko'ina, fetur ya ƙone ƙurmus. Tamostat yana tare ruwa har inji ya kai wurin, sannan ya riƙa buɗewa da rufewa don ya tsaya a nan. Babu ruwansa da ƙanƙara ko rashinta. Motocin da alhazanmu ke shiga a Makka da Madina, inda rana ta fi tamu ƙuna, da tamostat ɗinsu suke yawo. Peugeot da aka fara haɗawa a nan Kakuri a 1975, wadda aka shirya ta musamman don hanyoyinmu da yanayinmu, ita ma da shi take fitowa daga masana'anta.

Abin da ya fi zauna mini a rai a wurin maigidana na Legas shi ne yadda ake bin sawun zafi. In allurar jirgi ta fara hawa, maigidana ba ya taɓa sifana sai ya leƙa baya ya ga ko ruwa na fita daga salansa. Da kunne ma yana ganewa, don salansar da ruwa ya yanke mata ƙararta takan bushe ta yi tsauri. Daga nan sai matata, inda leda da kainuwa ke maƙalewa. Sai farfelar roba. Ruwa ne man shafawarta, in ta juya a bushe ko na minti ɗaya ne fikafikanta sukan ƙone su kakkarye. Na ga ya zazzage gutsattsarin a tafin hannunsa yana jera su yana ƙirgawa, ya ce in fiffike ɗaya bai cika ba to yana can cikin tiyo ko a bakin tamostat, kuma ba za a rufe injin ba sai an nemo shi. Bayan an tayar, sai ya ɗora tafin hannu a kan gwiwar bututun hayaƙi ta dama da ta hagu. In hannu bai iya zama a ɗaya ba, tsatsa ta toshe rigar ruwan da ke kewaye da ita. Barin ta haka yana ƙone tiyon roba na salansa, jirgi ya fara shan ruwa, ko ƙarfen ya huje ruwa ya koma cikin silinda ya lanƙwasa sandar fistin. A duk wannan bincike babu mai kawo shawarar a jefar da tamostat, don kowa ya san cire shi ba zai kawo ruwan da bai zo ba.

Motar Kaduna ma haka take, abin da ke sa ta zafi a fili yake. Ƙurar hunturu tana cika tsakanin haƙarƙarin lagireto da na kwandensar iyakwandishan da ke gabansa, iska ta kasa ratsawa. Muna ɗura ruwan rijiya da na burtsatse, wani lokaci na leda a bakin hanya, tsatsa da ɓawo su toshe siraran bututun ciki, su cinye fikafikan famfon ruwa. Buɗe lagireton tasi ko bas ɗin da ke jigila tsakanin Sabon Tasha da Kasuwa, ruwan da za ka gani ja ne wur. Sai murfin lagireto, wanda kusan babu mai kula da shi. A tudun Kaduna ruwa zalla yana tafasa a wajen digiri 98. Murfi mai lafiya yana riƙe matsi har ya ɗaga wannan zuwa kusan 120. In robarsa ta mutu, motar da ta tsaya a cunkoson shataletalen Station ko na Command Junction cikin zafin watan Maris, da rana ta haura digiri 35, dole ta yi amai. Ruwan kulan mai launi da ake sayarwa a galan yana ƙara ɗaga wurin tafasa, kuma babban amfaninsa a wurinmu shi ne maganin tsatsar da ke cikinsa, musamman ga injinan yanzu masu kan alminiyam.

Ba na zargin 'yan'uwana da mugunta. Tamostat yana lalacewa, wannan gaskiya ne, kuma in ya maƙale a rufe yana iya ƙone gaskit cikin 'yan mintuna. Na jabu ya cika kasuwa. Mai mota yana tsaye a kanka yana cewa, "Malam, yau zan tafi Abuja, ka yi mini dabara kawai." Bakanike yana tsoron a kira shi da dare daga Kateri a ce motar da ya taɓa ta tafasa. Sai ya zare tamostat, ya kira mai waya ya haɗa fanka dairek, allura ta kwanta ƙasa, kowa ya rabu da kowa cikin farin ciki. Amma gyaran gangar Auzinawa ne. Lagireton da ya toshe yana nan a toshe. A injina da yawa ma tamostat ne ke rufe wata gajeruwar hanya da ruwa ke bi ya koma inji ba tare da ya shiga lagireto ba, saboda haka in babu shi wani kaso na ruwan yana zagayawa da zafinsa, motar ta yi sanyi a cikin gari, ta tafasa a doguwar hanya da kaya.

Ga kuma asarar da ba a gani nan take. Da asubar watan Janairu, lokacin da sanyi kan sauka ƙasa da digiri 15, motar da ba ta da tamostat za ta tashi daga Narayi ta kai yara makaranta ta wuce ofis, injin bai kai zafinsa ba. Kwamfutar motar tana ganin inji da sanyi, sai ta ci gaba da ƙara fetur yadda take yi a farkon tayarwa. Fetur ɗin da bai ƙone ba yana wanke man jikin silinda, ya gangara cikin baƙin mai ya tsinka shi. Ringi ya ci, fulogi ya yi baƙi, fankar da ke juyawa ba hutu ta gaji ta mutu. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, babu magidancin da ke da fetur ɗin zubarwa. Masu mayar da motocinsu kan iskar gas su ma su sani, na'urar da ke rage matsin gas ɗin da ruwan inji take ɗumama, kuma motar ba ta komawa kan gas sai ruwan ya yi ɗumi.

Wannan fetur da bai ƙone ba shi ne kuma yake gangarawa ya narkar da indomi ya toshe shi. Mota ta daina ja, sai a ce indomi ne, a sa rodi a farfasa. Wani lokacin ma lafiyarsa ƙalau, cire shi ake yi a ɓoye, domin tubalin tangaran ɗin nan mai ƙananan ramuka an shafe shi da ma'adanai masu tsada, filatinam da faladiyam da rodiyam, kuma akwai masu bi gareji-gareji suna saye. Wannan sata ce, ko wa ya yi ta, kuma tana zubar da mutuncin sana'armu.

Aikin indomi shi ne ƙone gubar hayaƙi kafin ta fito, kuma mai lafiya yana rage fiye da kashi 90 cikin 100 nata. Mafi haɗari a ciki ita ce kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma jini yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar numfashi sau 200 da ɗoriya. Masu jiragen ruwa a Amurka sun koyi wannan da hawaye. Salansar jirgin zamiya tana fita ne daidai ƙarƙashin dandamalin baya inda yara ke zama ko su riƙe suna iyo, kuma an yi ta rasa matasa a haka, mutum ya shaƙa ya suma ya nutse, har jihar Kalifoniya ta haramta riƙe bayan jirgi inji na aiki. A watan Agusta na 2000, wasu yara biyu wa da ƙane suka rasu a tafkin Powell, suna iyo a bayan wani jirgi mai ɗakuna da janaretansa ke aiki. Daga wajen 2010 dokar ƙasar ta sa sababbin injinan irin waɗannan jirage suna fitowa da indomi. A fili ne fa, a tsakiyar tafki, inda iska ke kaɗawa.

Mu kuwa a cikin cunkoso muke zama, bayan wata motar na kallon gaban wata. Mai tallan ruwa da mai gasa masara da ɗan acaba da yaron da ke goye a bayan uwarsa duk suna daidai tsayin salansa. Direba ya rufe gilashi ya kunna iyakwandishan ya kishingiɗa yana jiran maigida, alhali salansar ta huje a ƙarƙashin kujera, robar but ta mutu. Ya tashi da ciwon kai da jiri, ya ce zazzaɓi ne, ya sayi magani a kemis. Gubar nan ɗaya ce da ta janaretan da ake shigarwa baranda ko kicin saboda tsoron ɓarayi, wadda muke jin ta kwashe iyali guda cikin dare, ɗaya ce da ta kaskon gawayi a ɗakin da aka toshe tagoginsa da hunturu. Duk wanda ya ji ciwon kai da tashin zuciya sun kama mutanen ɗaki ko na mota a lokaci ɗaya, ya kashe inji, ya fitar da kowa waje, a nufi asibiti.

Kudancin Kaduna bai kamata ya zama inda ake irin wannan aiki ba. Nan ne aka kafa masaƙu da masana'antar makamai ta DICON da matatar mai da Peugeot, nan aka tara ƙwararrun masu aikin inji da Arewa ke alfahari da su, kuma da yawa daga cikin iyayen gidanmu a can suka samu horo da littafi da ma'auni. Ina kira ga ƙungiyarmu ta kanikawa, NATA, ta sa wannan a tarukan rassa, ta hana yaran gareji koyon cire tamostat a matsayin gyara, ta kuma hukunta duk wanda aka kama ya sace indomi. Hukumar NADDC mai kula da harkar ƙera motoci da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna suna iya shirya gajeren horo da Hausa a kan hanyar ruwa da ta hayaƙi, a kawo shi cikin gareji inda masu aikin suke. Masu duba lafiyar mota kuma su riƙa auna hayaƙi da gaske, su leƙa ƙarƙashi su ga ko salansa ta huje.

Mai mota shi ma yana da nasa. In bakanike ya ce tamostat ya mutu, a gwada a gabanka: a ɗaura masa zare a saka cikin tukunyar ruwa a kan wuta, mai lafiya zai buɗe kafin ruwan ya tafasa, ya rufe in ya huce. In bai buɗe ba a sayi sabo mai lambar zafin da ke rubuce a jikin tsohon, a gwada shi ma kafin a ɗaura. A wanke lagireto ciki da waje, a canza murfi, a zuba kulan, a mayar da fanka kan na'urarta. Ranar gyaran salansa kuma ka tsaya a wurin har a gama, in za a kwance tukunyar a kwance ta kana gani. Haka in za ka sayi mota, ka sa a haska tocila cikin tukunyar a tabbatar tubalin yana nan kafin ka biya.