Samarinmu, Aiki Ba Ya Biyo Mutum Teburin Mai Shayi

Ina roƙon a ba ni fili in yi magana da samarinmu na Zongon Kwatano da Agontinkon, waɗanda kullum kukansu ɗaya ne: wai babu aiki.

Gaskiya ne kasuwa ta sha wuya. Najeriya ta rufe iyakarta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, sannan bayan juyin mulkin Nijar na 2023 hanyar Gaya da Malanbil ta toshe, dabbobi suka yi wuyar saukowa. Amma duk da haka ba a daina yanka ba. Kullum ana neman mai ɗora shanu a mota, mai raka su daga Paraku, mai ba su ruwa da harawa, da yaron da zai riƙe littafin lissafi.

To, ta ina za ka fara? Da farko nemi wanda zai tsaya maka. A sana'ar nan ba wanda zai danƙa wa baƙon fuska bijimi don ya iya zance. Ka je wurin dattijon da ya san mahaifinka, ko liman, ko wani dillali, ka ce, "Baba, ina son a sa ni hanya." Kada ka fara da tambayar nawa za a ba ka. Fara da sammako. Wanda aka gani a kara tun asuba kwana bakwai a jere, shi ake kira ran na takwas.

Na biyu, gyara takardunka. Je ka ofishin ANIP ka karɓi lambarka da katin shaida, don mai gida ba zai sa yaron da za a tsare a shingen farko ya raka kaya ba. Na uku, harshe jari ne. Hausa kaɗai ba ta isa a Kwatano ba. Ka koyi Faransanci na karanta rasit, da Fon da Yarbanci na ciniki, ka iya juya sefa zuwa naira ba tare da ka daburce ba. In kana da takardar makaranta, kai sunanka hukumar ANPE ma, ba laifi ba ne.

Ku kuma iyayen gida, Alhazai, da ku nake. Yaro ya yi shekara uku yana jan igiya, ba a yanka masa lada ba, ba a nuna masa yadda ake duban haƙori a san shekarun sa ba, don me ba zai sa rigar zemijan ya bar mu ba? Ku faɗa masa haƙƙinsa tun ran farko, a gaban shaidu. In ba mu koyar ba, wa zai gaje mu a turke?

Allah Ya ba mu sa'a, Ya sa albarka a nema, amin.