"Ku bayyana ra'ayinku" ba ta isa ba: zare kan gidajen jarida da kuɗin mazaɓarku

1/ Duk wata kafar labarai ta Hausa da ka bi a Facebook, ƙarshen kowane labari ɗaya ne: "Mene ne ra'ayinku?" Sai mutum dubu uku su cika wajen da sharhi, rabi zagi, rabi "Allah ya kyauta". Gobe a sake. Ni dai a ganina wannan ba sa jama'a cikin harkar mulki ba ne, tara jama'a ne kawai. Ku biyo ni.

2/ Abin da nake nufi da sa jama'a a ciki shi ne a ba ka abin da za ka danna, ka rubuta sunan ƙaramar hukumarka, ya fito maka da abin da ya shafe ka: nawa aka ware, wa aka ba kwangila, ina aka ce za a yi aikin. Ka fita ka duba da idonka.

3/ Kuma ba mafarki nake ba, akwai irinsu a Najeriya. BudgIT ta fara a 2011 tana mayar da kasafin kuɗi zane-zanen da kowa zai gane. A 2014 suka fito da Tracka, inda ake bin diddigin ayyukan mazaɓu, mutanen gari su ɗauki hoto su turo: an yi, ba a yi ba, ko an fara an gudu.

4/ A ɓangaren 'yan jarida, cibiyar da Premium Times ta kafa, wadda yanzu ake kira CJID, ita ta fito da Dubawa a 2018 don tantance labaran ƙarya, da kuma UDEME mai bin kuɗin ayyukan gwamnati. Ku lura da sunan farkon. Dubawa. Kalmarmu ce. Amma cikinmu mutum nawa ne suka taɓa tura musu wani bidiyo kafin su watsa shi a guruf ɗin dangi?

5/ Stears kuma ta yi taswirar zaɓe a 2019 da 2023. Ka danna jiha, sakamako ya fito yayin da ake sanarwa.

6/ Wanda ya fi nuna min ƙarfin wannan abu ma ba na gidan jarida ba ne, IReV ne na INEC. Dabarar mai sauƙi ce: a ɗauki hoton takardar sakamakon rumfa, EC8A, a ɗora, kowa ya gani. Rumfuna sama da dubu 176. Ranar 25 ga Fabrairun 2023 sakamakon shugaban ƙasa bai hau kan lokaci ba, kuma kowa ya tuna irin surutun da ya biyo baya.

7/ Me ya sa aka yi fushi haka? Saboda mutane sun riga sun sa rai za su ga takardar rumfarsu da kansu, su gwada da abin da aka ƙirga a gabansu. Da aka fara ɗorawa, matasa suka zauna suna sauke hotuna suna lissafi da kansu. Wannan shi ne abin. Mutum ba ya damuwa da tiriliyan, amma ka nuna masa rumfar ƙofar gidansu, ka ga yadda zai miƙe.

8/ To ga inda nake da ƙorafi. Yawancin kayan nan da Turanci aka gina su, don mai babbar waya da data wadatacciya. Babanka da ke sauraron rediyo a kasuwa, ko Inna da ba ta aika saƙo sai na murya, ba a yi lissafi da su ba. Su ne kuwa suke shiga layi tun asuba ranar zaɓe, mu muna kan waya muna gardama.

9/ Wani zai ce ai mutanenmu ba su damu ba. Ban yarda ba. Al'ummar da ta raya Ra'ayi Riga na BBC Hausa, take bibiyar shirye-shiryen Freedom Radio irin su Inda Ranka da Kowane Gauta, ba za a ce mata ba ta son magana kan mulki ba. Mun daɗe muna kira muna ƙorafi. Abin da ya rage shi ne ƙorafin ya zo da lamba, da sunan aiki, da hoto.

10/ Misali. An yi shekaru ana sa kusan naira biliyan 100 duk shekara a kasafin tarayya don ayyukan mazaɓu na sanatoci da 'yan majalisar wakilai. Jerin yana nan a rubuce, amma cikin takardu masu ɗaruruwan shafuka da ba mai buɗewa a waya. Me zai hana gidan rediyo a Kano ko Sakkwato ya ɗauki na jiharsa, ya sa a lambar WhatsApp? Ka tura "Dala" ko "Illela", a dawo maka da jerin ayyukan, da Hausa, har da na murya.

11/ Sai ka je. An ce rijiyar burtsatse a unguwarku, ka ɗauko hoton wajen. Gidan rediyon ya tabbatar, ya gayyato Honarabul cikin shiri ya karanta masa. Wannan ya fi sojojin baka goma.

12/ Haka kuɗin ƙananan hukumomi. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba su kasonsu kai tsaye. Ƙananan hukumomi 774, kowace da abin da ake ware mata duk wata, kuma ana wallafa alƙaluman. Tambayi abokinka nawa aka ware wa tasu a watan jiya, ka ji shiru.

13/ Na san akwai matsala. Gina irin wannan abu kuɗi ne, kuma gidajen da yawa da tallan 'yan siyasa suke biyan albashi. Wanda ke sayen filin awa ɗaya duk mako ba zai so a karanta masa rijiyar da bai haƙa ba. Ga kuma 'yan data da za su cika wajen da hotunan bogi, don haka dole a sami editan da zai tantance kafin a fitar. Sannan in aka katse layukan waya, kamar yadda aka yi a Zamfara a Satumban 2021, komai ya tsaya sai rediyo.

14/ Shi ya sa nake cewa a haɗa biyun, kada a bar wa manhaja ita kaɗai.

15/ Kafin su farka, mu ma muna da abin yi. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ka damar rubuta wa ma'aikatar tarayya ka nemi bayani, ta amsa cikin kwana 7. Shiga Tracka yau ka nemo aikin da aka rubuta wa mazaɓarku. Wanda ya samu, ya ajiye min sunan aikin da hoton wajen a ƙarƙashin zaren nan, ni kuma zan tattara in tura wa gidajen rediyon jiharsa.