Ƙura ta Allah ce, hayaƙi namu ne

Kowace shekara in ɗari ya shigo, daga watan Nuwamba har zuwa Fabrairu, tari da mura sukan mamaye gidajenmu. Gidajen likita na Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai sukan cika da mata ɗauke da yara masu numfashi da ƙyar. In ka tambayi dalili, amsa guda ce a bakin kowa: hunturu ne, ƙura ce. Gaskiya ne, amma ba ita ke nan ba. Akwai wani abu da muke shaƙa rani da damina, safe da maraice, wanda mu ne muke hura shi da hannunmu, watau hayaƙi. Mun ɗora wa hunturu laifi duka, mun wanke murhu, alhali kuwa murhu ne muke da ikon gyarawa.

Abin da ke shiga huhu

Babban mutum yakan ja numfashi wajen sau dubu 20 a kwana guda. Yaro ƙarami ya fi haka, domin numfashinsa ya fi sauri. Duk abin da ke cikin iska, shi ne ke bin wannan hanya.

Allah ya yi wa jiki masu gadi. Gashin hanci da majina suna tare manyan ƙwayoyin ƙura, tari da atishawa su fid da su waje. Amma cikin hayaƙi akwai ƙwayoyi ƙanana ƙwarai. Sai an raba kaurin gashin kai guda gida 30 kafin a sami girman ɗayansu. Waɗannan ba su tsayawa a hanci. Sukan wuce har ƙuryar huhu, inda iska ke gamuwa da jini. Can suke zama, su kumbura hanyoyin iska, su raunana masu gadin. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Huhun da hayaƙi ya gajiyar, shi ne ƙwayoyin cuta ke kamawa cikin sauƙi.

Mai son ya gane wannan da idonsa, ya shiga madafa ya ɗaga kai ya dubi rufi. Kunkunniyar da ta yi baƙi ƙirin a jikin azara, daga hayaƙin nan ta fito. Matar da ke girki a ƙarƙashin wannan rufi shekara 20, iskar da ta baƙanta azara ita take shaƙa.

Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce hayaƙin cikin gida yana kashe mutane wajen miliyan 3 kowace shekara a duniya. Cikinsu akwai yara ƴan ƙasa da shekara 5 fiye da dubu 200. Cututtukan da yake jawowa sun haɗa da ciwon huhu na yara, da tari mai daɗewa wanda ke hana tsofaffi numfashi, da ciwon zuciya. Yana kuma tayar wa masu asma da ciwonsu. Mai ciki da ke wuni cikin hayaƙi tana iya haihuwar jariri maras nauyi.

Ƙurar hunturu

Ba mu raina ƙura ba. Mafi yawanta daga hamada take tasowa, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Cadi, inda tafki ya ƙafe tun zamanin da. Iska ke kwaso ta, ta yi tafiya mai nisa, ta sauke mana. Tana busar da hanci da maƙogwaro har su tsattsage. Wannan yana cikin dalilan da suka sa sanƙarau ya fi yaɗuwa da rani, kamar yadda ƙasarmu ta gani a annobar 1995 da ta 2015.

To, amma wa zai tsai da iskar gabas? Ba sarki, ba gwamna. Iyakar abin da za mu yi shi ne mu kare kanmu. Ranar da hazo ya yi kauri, a bar jarirai da tsofaffi cikin ɗaki, a rufe hanci da rawani ko gyale, a sha ruwa da yawa, a yayyafa ruwa kafin shara. Haka ma wajen sussuka da shiƙa: mace ta ba iska baya, ta rufe hancinta, kada a zaunar da yara inda ƙaiƙayi ke sauka.

Hayaƙi kuwa ba daga Cadi ya zo ba. Daga tsakar gidanmu ya tashi.

Wuta huɗu da muke hurawa

Ta farko ita ce wutar girki. Mafi yawan gidajenmu da icce ake dafuwa, ko da karan hatsi, ko da kashin shanu, a bisa duwatsu uku. In iccen ɗanye ne, hayaƙi ya ninka. In madafar ba ta da taga, ba shi da wurin fita. Wa ke wurin? Mace, da goyon da ke bayanta. Maigida yana zaure yana shan iska, sai tuwo ya iso gabansa. Shi ya sa ba ya ganin matsalar.

Ta biyu ita ce wutar jin ɗumi. Da dare ya yi sanyi, sai a shigo da kaskon garwashi, a rufe ƙofa, a toshe taga da tsumma. Gawayi yana fid da wata iska mai guba, wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Alamunta ciwon kai, jiri da amai. Tana iya sa mutum ya yi barci bai farka ba. Ɗakin mai jego ma yana cikin wannan lissafi. Al'adarmu ta kula da mai jego al'ada ce ta ƙauna, ba mai musun haka. Amma jaririn kwana uku, wanda huhunsa bai yi ƙwari ba, bai kamata ya kwana inda wuta ke ci da turaren wuta a ɗaki rufe ba.

Ta uku ita ce wutar juji. A birane da manyan garuruwa, da magariba, unguwa takan turnuƙe da hayaƙin shara, cikinta har da leda da tsofaffin tayoyi. Wasu matan ma da leda suke hura murhu don wuta ta kama da sauri. Hayaƙin leda guba ne. Tun 2014 aka kafa dokar hana shigo da irin wannan leda da sayar da ita a Nijar, amma har yau ga ta nan rataye a kowace ƙaya.

Ta huɗu ita ce wutar gona. Lokacin sassabe, manomi yakan tara kara da ganye ya cinna musu wuta. Hasara biyu ke nan. Ya shaƙi hayaƙi shi da maƙwabta, ya kuma ƙone abincin gonarsa. Karan da aka bari kwance yana tare yashi, yana riƙe laima, gara ta ci shi ya koma taki. Manoman jihar Maraɗi da na Damagaram sun nuna wa duniya wannan tun shekarun 1980, sa'ad da suka soma barin toho ya girma cikin gonaki maimakon sarewa da ƙonewa. Gawo da sabara da kalgo da suka raya suna rage ƙarfin iska, suna kuma ba da icce kusa da gida, wanda za a busar kafin a ƙona.

Abin da wasu ke faɗi

Wani zai ce: “Da hayaƙi kakanninmu suka yi girki, ga mu kuwa mun girma.” Mu da muka rayu ne muke magana. A tambayi tsofaffin mata ƴaƴa nawa suka binne saboda ciwon haƙarƙari, a kuma saurari tarin da su kansu suke yi da asuba.

Wata za ta ce hayaƙi na korar sauro. Yana kora na ɗan lokaci, wuta ta mutu sauro ya dawo. Gidan sauro mai magani ya fi shi aiki, ba ya kuma taɓa huhu.

Wani kuma zai ce talaka ba ya da kuɗin gaz. Wannan magana tana da nauyi, ba za a share ta ba. Gaz ce ta fi tsabta, kuma tun 2011 matatar SORAZ ta Damagaram take fitar da ita cikin ƙasarmu. Amma sayen tukunyar farko yana da wuya ga mai ƙaramin ƙarfi, a ƙauye kuma wurin cikawa yana da nisa. A nan nauyi yana kan hukuma: ta kusanto da gaz ga karkara, ta sauƙaƙa kuɗin tukunya, magadan gari kuma su kwashe shara don kada jama'a su ƙone ta bakin ƙofa. Sai dai kafin gaz ta iso, ba za mu naɗe hannu ba.

Gyaran da ba ya cin kuɗi

A yi girki a fili ko ƙarƙashin rumfa duk lokacin da hali ya yi. In dole sai cikin madafa, a huda taga biyu, ɗaya sama kusa da rufi, domin hayaƙi sama yake tashi. Wannan aikin maigida ne, kuma bai fi aikin yini guda ba.

A faskara icce, a shanya shi ya bushe sarai. A rufe tukunya. A jiƙa wake tun dare don ya nuna da wuri. Kada a hura wuta da leda ko roba.

A sauke goyo kafin a tsuguna gaban murhu. A ba kaka, ko kishiya, ko uban da kansa ya riƙa.

A gina murhun zamani. Ƙasarmu ta san irin na laka da ake kira Albarka, da na ƙarfe da ake kira Mai Sauƙi. Suna rage cin icce, wuta kuma ta fi ci da kyau. Ba su kawar da hayaƙi duka, saboda haka ko da su a bar iska ta shiga. Ƙungiyoyin asusu irin na Mata Masu Dubara, waɗanda suka faro a jihar Maraɗi a 1991, suna iya tara kuɗin murhu ko na tukunyar gaz, a saya wa kowace bi da bi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A fid da garwashi waje kafin a kwanta. Bargo da tufa mai kauri sun fi aminci. Mai shan taba kuma ya fita waje, kada ya sha kusa da yara.

Yaushe za a ruga gidan likita?

Ba kowane tari ne mura ba. In yaro yana tari, a jira ya natsu, a buɗe ƙirjinsa, a ƙirga numfashinsa minti guda da agogo ko salula. In bai kai wata 2 ba, numfashi 60 ko fiye alamar haɗari ce. Daga wata 2 zuwa shekara 1, numfashi 50. Daga shekara 1 zuwa 5, numfashi 40. In ƙasan ƙirjinsa yana faɗawa ciki sa'ad da ya ja iska, ko ya ƙi nono, ko ya kasa shan ruwa, ko ya yi laƙwas, kada a jira gari ya waye. Ciwon huhu yana da magani in an zo da wuri. Kada a ɓata kwanaki da sakiya ko ƙwayoyin ƴan tebur.

A 2006 gwamnati ta kafa tsarin duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. A 2014 kuma aka shigar da allurar rigakafin ciwon huhu cikin alluran jarirai. A kai yaro ya cika alluransa, a ba shi nono zalla har wata 6. Babba kuma da ya yi sati biyu yana tari, ya je a auna kakinsa, domin tana yiwuwa tarin fuka ne.

Magidanta, wannan magana ba ta mata kaɗai ba ce. Wanda ya gina rumbu don kada hatsi ya lalace, bai kamata ya ga ƙyashin huda taga don matarsa da ɗansa ba. Malaman yaƙi da jahilci, ku karanta wannan shafi tare da ɗalibanku, kowa ya koma ya dubi rufin madafarsa. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka, amin.