RA'AYINMU: GWANINTA BA TA HALATTA CACA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halatta ciniki Ya haramta cin dukiyar mutane da ɓarna. Tsira da amincinSa su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, duk wanda ya san ƙasar Garki da maƙwabtanta na masarautar Ringim ya san cewa lokacin kaka shi ne lokacin da kuɗi ke shiga hannun talaka. An girbe gero, an kaɗe riɗi, an kai zoɓorodo da wake kasuwa, masu dabbobi sun nufi Maigatari ranar Alhamis, wasu sun bi ta Gujungu ko Shuwarin. A daidai wannan lokaci ne kuma tabarmar 'yan caca take cika. Wannan ba sabon ciwo ba ne a ƙasar Hausa, domin tun ana kashe wuri ake caca da shi, daga baya karta ta zo ta gaje shi, sannan aka shigo da cacar ƙwallo. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a wannan wata shi ne wata shubuha da ta biyo wayar hannu, tana shiga kunnen samarinmu, musamman 'yan makaranta da ƙananan ma'aikata a Dutse da kewaye. Shubuhar tana cewa wai akwai nau'in kartar da ba sa'a ke ci a cikinta ba, ilimi da lissafi da haƙuri ne ke ci, saboda haka wai sana'a ce kamar kowace sana'a. Babban misalin da masu wannan magana ke kafa hujja da shi shi ne wasan da Turawa ke kira foka.

Ba za mu tunkuɗe maganar da zagi ba. Za mu shimfiɗa ta yadda masu ita suke shimfiɗawa, domin mai karatu ya yi hukunci da idonsa.

Ana yin foka da karta mai ɗiya 52. A nau'in da ya fi yaɗuwa, kowane ɗan wasa ana ba shi ɗiya biyu a rufe, sannan a jera biyar a buɗe a tsakiyar tebur, uku a karon farko, sai ɗaya, sai ɗaya. A kowane mataki ana zuba kuɗi. Mutum yana iya biyan abin da wani ya zuba, ko ya ƙara a kai, ko ya ajiye kartarsa ya haƙura da abin da ya riga ya zuba. Wanda ya fi haɗi mai ƙarfi a ƙarshe, ko wanda ya tsorata kowa har suka ajiye, shi ke kwashe kuɗin. A wasan da ake yi da tsabar kuɗi, ido da ido, babu iyaka sai inda aljihu ya ƙare. Wasan ya bunƙasa ne a Amurka, inda aka fara babbar gasarsa ta duniya a birnin Las Begas a 1970. A 2003 wani akanta mai suna Chris Moneymaker ya cinye gasar ya tafi da dala miliyan biyu da rabi, sai labarinsa ya bazu ta talabijin da intanet, matasa a ƙasashe da yawa suka ɗauka su ma ga hanya ta samu. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne mutum 839 ne suka shiga gasar ta wannan shekara, kujera ɗaya a kan dala dubu goma, kuma mafi yawansu sun koma gida hannu rabbana.

To, mene ne ilimin da ake taƙama da shi? Mu ɗauki darasi guda daga cikin waɗanda gwanayen suka fi koyarwa, wato yadda mai karta mai ƙarfi zai yi da abokin wasa mai ganganci, wanda ba ya zaɓen karta, kome ya samu sai ya shiga da shi, kuma ba ya gajiya da ƙara kuɗi. Suna cewa ka nemi zama ta hagunsa, domin ya riga ka magana ka ga abin da zai yi. Idan karta mai ƙarfi ta zo maka, kada ka nuna, kada ka yi ƙarin da zai firgita shi ya janye. Ka yi kamar kana shakka, ka riƙa biyan abin da ya zuba kawai, ka bar shi ya ci gaba da tura kuɗi yana zaton zai tsorata ka, sai ya zurma ta yadda ba zai iya komawa ba, sannan ka rufe shi da ƙari na ƙarshe. Suna cewa idan ka ga ya fusata saboda asara, kada ka tashi, domin a lokacin ne hankalinsa ya fi gushewa. Kuma suna cewa kafin ka zauna ka duba teburin, in babu irin wannan mutum a kai ka nemi wani tebur. A bakinsu sunan irin wannan mutum kifi.

Ya ɗan'uwa mai hankali, sake karanta wannan darasi. Ashe ba ikirari ba ne daga bakin masu abin? Sun faɗa da kansu cewa ribar gwani ba ta fitowa daga wani abu da ya shuka ko ya ƙera ko ya yi dako, tana fitowa ne daga raunin wanda ke zaune kusa da shi. Jarinsa wautar ɗan'uwansa, kayan aikinsa ɓoye gaskiya, lokacin girbinsa kuwa sa'ar da fushi ya rufe idon wancan. Mutumin da suke kira kifi shi ne wanda shari'a take kira safihi, wanda bai iya riƙon dukiya ba. Aya ta 5 a Suratun Nisa'i ta hana a danƙa wa irinsa dukiya, kuma malaman fiƙihu sun buɗe babi guda a kan yadda alƙali zai tsare masa ita don kada ya lalata kansa da iyalinsa. Musulunci ya ce a kama hannunsa, su kuma sun ce a zauna ta hagunsa. A garuruwanmu wannan kifi yana da fuska: manomi ne da ya sayar da buhunan riɗi jiya, ko ɗan acaɓa da bai gama biyan kuɗin babur ba, ko ɗalibin da aka aiko masa kuɗin makaranta.

Sa'an nan ko ta fuskar lissafin da suke alfahari da shi, maganar ba ta tsaya da ƙafafunta ba. Mafi ƙarfin abin da mutum zai fara da shi a wannan wasa shi ne ɗiya biyu mafiya daraja, kuma wannan yana zuwa ne sau ɗaya a cikin rabo 221. Idan ya zo, kuma abokin karawa ɗaya ne tak, wanda bai zaɓi kartarsa ba, mai ƙarfin yana ci kusan sau 85 cikin 100. Ma'ana sau 15 cikin 100 mai gangancin ne ke kwashewa. Wanda ya zuba duk abin da ya mallaka a kan wannan karta har sau biyar, a kowane karo abokin karawarsa yana da kuɗin da zai rufe nasa, damar da yake da ita ta tsallake duka biyar ɗin ba ta wuce 44 cikin 100 ba. Wannan fa da karta mafi ƙarfi ke nan. Shi ya sa gwanayen da kansu suke gargaɗin kada mutum ya zauna sai yana da ajiyar da ta ninka abin da zai shiga da shi sau da yawa. Wane ne a Garki ke da irin wannan ajiya? Kuma sana'ar da mutum zai yi kome daidai, sannan ɗiyar karta guda ta kifar da shi a dare ɗaya, wane suna ya dace da ita in ba caca ba?

Akwai kuma wanda ba ya faɗuwa ko kaɗan, shi ne mai gida. Gidan caca yana yankar kamasho daga kuɗin da aka tara a kowane zagaye. Mu ƙaddara, don misali, mutum shida sun zauna kowa da naira 50,000, jimla 300,000. Mai gida yana cire naira 500 a zagaye, ana yin zagaye 30 a sa'a, aka yi sa'a biyar. Kafin gari ya waye ya cire naira 75,000, rubu'in duk kuɗin da aka zo da shi, bai taɓa karta ba. Babu sisin kwabo da aka ƙirƙira a kan wannan tebur. Abin da wani ya ci, wani ne ya rasa, kuma jimlarsu gaba ɗaya sun tashi da ƙasa da abin da suka zo da shi. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

In ana neman ƙarshen gwaninta, tarihin wasan ya ajiye mana misali. Stu Ungar ya cinye babbar gasar duniya har sau uku, a 1980 da 1981 da 1997, kuma masana wasan suna lissafa shi cikin mafi hazaƙar da aka taɓa gani. Miliyoyin da ya ci sun tafi a wasu cacace-cacacen da shan miyagun ƙwayoyi. A watan Nuwamba na 1998 aka tsinci gawarsa a wani ƙaramin masauki a Las Begas, yana da shekara 45, ba shi da abin kirki. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a sabon kundinta na cututtuka da ya fara aiki a 2022, ta sanya jarabar caca a sahun cututtukan kamu, kusa da jarabar kayan maye. Alƙur'ani mai girma ya riga ya haɗa giya da caca wuri guda a aya ta 219 ta Suratul Baƙara, inda aka tabbatar da cewa akwai wani ɗan amfani a cikinsu amma zunubinsu ya rinjaye shi, sannan aka yanke hukunci na ƙarshe a aya ta 90 da ta 91 ta Suratul Ma'ida, aka kuma bayyana illolinsu: ƙiyayya tsakanin mutane, da shagala daga ambaton Allah da salla.

Wani zai ce, ai manomi ma yana shuka bai san ko damina za ta yi kyau ba, ɗan kasuwa ma yana saye bai san ko zai ci riba ba. Amsa ita ce, manomi idan ya samu, bai samu daga aljihun maƙwabcinsa ba, kuma abin da ya noma al'umma ce za ta ci. Mai saye da mai sayarwa suna iya rabuwa kowa ya amfana, wannan da kaya wancan da kuɗi. A caca kuwa an gina yarjejeniyar ne tun daga tushe a kan cewa ɗaya ba zai samu ba sai ɗayan ya rasa, ba tare da an ba shi kome a madadin ba. Wannan shi ne abin da malamai suka kira ƙimari, kuma ba su taɓa sharɗanta cewa sai wasan ya zama babu dabara a cikinsa ba. Dara ma wasan dabara ce, amma da zarar 'yan wasa biyu sun ajiye kuɗi wanda ya ci ya ɗauka, ta zama caca. Yardar wanda aka cinye ba ta canza hukunci, kamar yadda yardar mai karɓar bashi ba ta halatta riba. Ya tabbata a ingantaccen hadisi cewa wanda ya gayyaci abokinsa caca da baki kawai an umurce shi ya yi sadaka, to ina ga wanda ya zauna ya koyi yadda zai yi masa tarko?

Ta fuskar doka kuwa, babu sauran uzuri. Jihar Jigawa, wadda aka ƙirƙiro daga tsohuwar Jihar Kano a 1991, ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci tun 2000. A 2024 Hukumar Hisba ta Kano ta rufe shagunan cacar ƙwallo da dama. A watan Nuwamba na shekarar 2024 Kotun Ƙolin Nijeriya ta soke dokar tarayya ta 2005 a kan caca, ta yanke cewa tsara wannan al'amari haƙƙin jihohi ne. Saboda haka ba wanda zai sake fakewa da takardar izini daga Abuja. Sai dai mu faɗa wa kanmu gaskiya, ana iya sa kwaɗo a ƙofar shago, amma ba a iya sa shi a wayar da ke aljihun yaro, ko a ɗakin da aka rufe daga ciki. Wannan ɓangare aikin gida ne da masallaci.

Don haka muke kira kamar haka. Na farko, ga Gwamnatin Jiha da Majalisar Dokoki a Dutse, su yi amfani da wannan hukunci na kotu su fayyace doka ta yadda za ta haɗa da cacar waya da masu karɓar kuɗinta, ba shagunan bakin titi kaɗai ba. Na biyu, ga hakimai da dagatai da masu unguwanni, su san gidajen da ake zama a cikinsu, su kuma ja kunnen masu ba da hayarsu, musamman a ranakun kasuwa. Na uku, ga limamai da masu wa'azi, su amsa shubuhar gwaninta da hujja da lissafi, domin saurayin da ya yi boko ba ya gamsuwa da tsawa. Na huɗu, ga iyaye, kada su karɓi kuɗi daga hannun yaron da ba su san sana'arsa ba, kuma su lura da alamu: yawan rance, ɓacewar kaya a gida, kwana a waje, da sakaci da sallar asuba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na biyar, ga masu hali da ƙungiyoyinmu, su buɗe wa matasa ƙofar halal ta noman rani da koyon sana'a da rance marar ruwa, domin hani ba tare da madadi ba ba ya daɗewa.

Kai kuma ɗan'uwa da ka riga ka faɗa, ko kana cikin masu ci ko masu faɗuwa, ƙofar tuba a buɗe take. Kada ka koma don neman fanshe abin da ka rasa, domin wannan komawar ita ce abin da na hagunka yake jira. Ka yanke zama da abokan tebur, ka goge abin daga wayarka, ka faɗa wa wani babba da ka amince da shi ya riƙe maka kuɗinka har ka samu kanka. Abin da ke hannunka na caca kuma ka je wurin malami ya nuna maka yadda za ka rabu da shi. Haƙuri da kaifin lissafi da iya karantar mutane baiwa ce daga Allah, kuma kasuwar halal tana neman mai su.

Allah Ya tsare mu da zuriyarmu daga cin haram, Ya wadata mu da halal ɗinSa, Ya shiryi matasanmu, Ya ba shugabanninmu ikon tsayar da gaskiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.